Man Shanun Ammi

Yayata Baji Shagufta,

Gaisuwa mai yawa daga Almaty. Ya mahaifiyarmu Ammi da gwiwoyinta? Ya yara da mutanen Sahiwal? Ni lafiya lau, in ban da sanyi da aikin da ke sa mutum cin abinci a tsaye.

Kin ce Ammi ta bi maganar likita ta daina cin maiƙo. Madalla. Sai dai jiya da muka yi wayar bidiyo ina kallonta, leɓenta sai ƙyalli yake. Da na tambaya sai ta ce, "Ke 'yar boko, man kanti na bari. Man saniyarmu ai magani ne, shi ke jiƙa gwiwa." Ashe kun kori na gwangwani ne, kun ninka na gida. Kuma ina zargin hannunki ne ke zuba mata shi a kan gurasar roti.

Baji, kitsen da ke jininta bai san saniyarmu ba. Haka ƙanwarta Parveen ta yi ta cewa ƙiba rufin asiri ce, har ranar da ta faɗi a bakin murhu.

Don Allah ki kai ta a sake auna jinin kafin ta karya, ke ma ki miƙa hannunki. Ni an auna nawa, sakamakon bai yi daɗi ba, amma kada ki gaya mata.

Kada kuma ki ce mini "da sauƙi." Ki haɗa ni da likitan in ji daga bakinsa. Allah ya bar mana ita.

Ƙanwarki,
Nuzhat