Keken da Ke Jirana Wurin Siti

Laraba, Rusaifa, Makka

"Hajji na wucewa zan fitar miki da bizar fita da dawowa, wallahi." Maganar Malam, maigidana, ke nan. Hajji biyu sun wuce. Danna waya ne kawai, amma tunda iƙamata, takardar izinin zamana a Saudiyya, a ƙarƙashinsa take, sai yatsansa ya ga dama.

Yau Siti, maƙwabciyata da ta koma tsibirinsu a Indunisiya, ta sake turo bidiyo. Tana kan keke a siririyar hanyar tsakuwa, dutse mai aman wuta yana hayaƙi can sama. Ba hon, ba motocin alhazai, sai ƙarar taya da numfashinta. Ta ce ta ajiye mini nawa keken. Rabona da keke tun ina sakandare a Jos, amma ƙafafuna sun tuna.

Na nuna wa Malam bidiyon, ya ce, "Haba Hajiya, da girmanki?" Shi da yake karantar da tarihin matan da suka hau raƙumi zuwa yaƙi!

Na ba shi wa'adi zuwa ganin watan Rajab. In ya wuce ba biza, zan ari keken mai kawo gas, in bi ta gaban majalisarsu shi da abokansa bayan La'asar, in gaishe su ɗaya bayan ɗaya.