Tururin Ƙarfe Bakwai

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Takarda na rubuto tunda a waya sai dai in yi ta ihu kana cewa "iye?", har abokan aikina a asibiti sun fara tsokanata. Direban motar da ke zuwa ran Asabar zai kawo maka.

Baba, kamarar da muka kafa a baranda tana ba ni ciwon kai. Sati uku ke nan, duk safiya in na buɗe waya ba na ganin komai sai fari fat, kamar an shafa wa gilashin madara. Sai rana ta take sannan ta washe, lokacin kuwa ka shige ɗaki. Ka tuna sharaɗin da muka yi da Yaya bayan rasuwar Mama: za ka zauna a gidanka kai kaɗai muddin ina ganinka kullum. In ba haka ba, sai ɗakin da ya gyara maka a gidansa. Don Allah ka duba ta.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Autata,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na gode, Allah ya yi albarka. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa ya yi ritaya tare da ni, kada ki ƙara ɓata masa lokaci.

Na duba abarku. Na hau kujera, kada ki yi faɗa, na riƙe bango. Na goge gilashin da ƙyallen tabarau har hannuna ya gaji, ashe gumin daga ciki yake. Ƙananan ɗigo ne reras, kamar murfin tukunya. To ni da na yi shekara arba'in ina kwance keken ɗinki ina mayarwa, ɗan wannan abin ne zai gagare ni? Na ɗauko sukudireba na kwance ta. Akwai wata 'yar roba zagaye da murfin, ta bushe ta tsage, ta nan iska ke shiga.

Na shiga ɗakin Mamanku na ɗauko na'urar busar da gashinta. Wata tara rabona da buɗe durowarta. Har yanzu akwai gashinta a jikin matajin da ke ciki. Na ɗan zauna a bakin gado, ban san tsawon lokacin ba, sannan na fito na busar da kamarar a hankali daga nesa, don kada zafi ya narka wani abu. Mai shagon takalma na bakin titi ya ba ni 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu shanye laima. Na cusa biyu a ciki, na yanko roba daga tsohon tiyo na maye gurbin waccan, na ɗaure tsaf.

Ki gaya wa Yayanki ya zuba buhunansa a ɗakin da ya gyara min ɗin. Na gan shi ai, tagarsa bangon gareji take kallo. Ni da gidana.

Gobe ƙarfe bakwai ki duba, za ki ga tsoho garau.

Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Kwana biyu kacal na gan ka garau, ran na uku fari ya dawo. Ga kuma zancen hawa kujera. Haba Baba! In ka faɗo wa zai ɗaga ka?

Akwai abin da ban gaya maka ba. Duk ranar Lahadi Yaya yana kirana ya ce, "Kina ganinsa?" Ni kuma in ce, "Ina ganinsa, lafiyarsa ƙalau." Ƙarya nake yi masa, kuma ta ishe ni. Abin da nake da shi kawai sauti ne. In na sauka daga aikin dare ƙarfe bakwai, nakan zauna a ɗakin canza kaya in manna waya a kunne. Ina jin ƙarar cokali a kofi, ina jin tarinka, sai in ce to, yana nan. Shi ke nan shaidata.

Na yi magana da mai gyaran da ya kafa ta, zai zo ran Talata da sassafe don ya ga abin da idonsa. Kada ka kore shi, kada kuma ka koya masa aikinsa.

Auta

*

Autata,

Gaisuwa mai yawa. Mai gyaranki ya zo, ban kore shi ba. Aikinsa kuwa na ɗan koya masa kaɗan, don riƙon sukudirebarsa abin tausayi ne.

Ya yaba robar da na yanka, ko da yake ya cire ta ya sa tasa. Ya ce kamara ba ta da laifi. Muna tsaye yana sosa ƙeya sai butar shayina ta tafasa. Ya dubi butar, ya bi tururin da ido har sama, ya dube ni. Ya ce, "Baba, kullum a nan kake dafa shayi?" Na ce kullum. Ya ce, "To ai kai ne kake yi mata turare." Wai gilashin ya kwana da sanyi, tururi mai zafi ya doke shi, dole ya yi gumi, ko da wace irin roba aka sa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba.

Bari in gaya miki yadda aka yi. Akwai 'yar fitila a ƙasan kamarar. Shuɗiya ce, amma in kin buɗe wayarki sai ta koma kore. Tun satin farko na gane haka. Da a kicin nake shan shayi, sai na lura kore na kamawa ƙarfe bakwai, kafin in jawo ƙafa in fito ta mutu. Shi ne na jawo wayar wuta daga falo, na ajiye teburi da buta daidai ƙarƙashinta, don kada ki zo ki tarar ba na nan. Auta, tun da Mamanku ta tafi ban ci abinci da kowa ba. Gidan nan shiru ya yi masa yawa, ni da ba na ji ma ina jin shirunsa. Minti goman nan da fitila ke kore, su ne kaɗai nake zaune da mutum. Ashe ina ɗaga miki hannu, ina nuna miki kofi, ke kuwa farin bango kike kallo.

Na mayar da butar kicin. Yanzu tun shida da rabi nake dafawa, in fito da kofi in jira.

Babanki

*

Baba,

Na karanta takardarka a ɗakin canza kaya, sai da na wanke fuska kafin in fita.

Gilashi ya washe. Kwana biyar ke nan ina ganinka tar, kuma Baba, da ma ban gani ba. Rigarka mai ruwan toka da ka ɗinka da kanka tana yawo a jikinka. Jiya na ƙirga, sau uku ka yunƙura kafin ka tashi daga kujera. Shekaranjiya kofin ya zube maka a cinya, ka yi sauri ka rufe wurin da jarida, ka ɗago kana min murmushi. Na gani.

Da ina yi wa Yaya ƙarya a kan abin da ban gani ba. Yanzu in ya kira ran Lahadi, ban san me zan ce masa ba. Na san abin da gidan nan yake a wurinka. Ka gaya min yadda zan yi, don ni kaina ya kulle.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta

*

Autata,

Ki gaya masa gaskiya. Ki ce masa ya zo ya ɗauke ni ƙarshen wata.

Keken ɗinki a ba maƙwabciya, ta daɗe tana sonsa. Durowar Mamanku ke za ki zo ki kwashe, ni ba zan iya ba. Abu ɗaya nake roƙo: ki ce wa Yayanki ya taho da tsani, ya kwance min kamarar, a kafa ta a ɗakin can, inda zan riƙa ganin fitilar daga kujera. Na yi alkawari buta ba za ta matso kusa da ita ba.

Sai ƙarfe bakwai.

Babanki