Harshen da Zayyad Ya Farka da Shi

Guangzhou

Yaya Saffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Ga abin da na kasa faɗa miki a waya: faɗuwar da maigidana, ƙanenki Zayyad, ya yi a shagonsa na kasuwar Tianxiu ba jiri ba ne, shanyewar ɓarin jiki ce. Ya farfaɗo, amma Hausa ta tafi, Sinancin kasuwa ma ya tafi. Wani irin Turanci yake yi, wanda tafintan asibiti ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Kalma ɗaya nake ganewa. Sai ya riƙe hannuna yana hawaye, yana cewa "yau, yau." Yaya, ko ajalinsa yake sanar da ni? Akwai kuma "kobul" da "hyem."

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki, Rekiya

Kano

Rekiya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Zayyad lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri. Kwantar da hankalinki, ba tamu "yau" yake nufi ba. A maganar garin da aka haife mu, tunkiya ce. Kin san mahaifiyarmu Baturiya ce, amma ba ki san 'yar masunta ba ce, daga wani ƙauye a bakin teku, arewacin Ingila. Can aka haife mu. "Kobul" kwalekwalen kakanmu ne. Da yamma Zayyad ke koro masa tumakin gonarsa daga tudu, kafin hazon teku ya rufe hanya. Da mahaifiyarmu ta rasu, Baba ya kawo mu Kano, ya ce kada ya sake jin wannan magana a gidansa. Na ɗauka ni kaɗai na riƙe ta.

"Hyem" gida ne. Ki kawo shi gida.

Ki gaida 'yarmu Zulaiha.
Yayarki, Saffana

Guangzhou

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wasiƙarki, na yi kuka, na kuma ji kunya. Mutum ya haifi 'ya da ni, ban san ya taɓa kiwon tumaki ba.

Na nuna masa hoton gidanmu na Kano, na ce "hyem." Ya kawar da kai. Ranar Juma'a Mahamadou maƙwabcin shagonsa ya taya ni tura shi a keken marasa lafiya zuwa bakin kogi. Da ya ga jiragen ruwa cikin hazo, sai ya yi ta nuni yana magana, har ya nemi miƙewa. Zulaiha ta tsorata, ta ƙi matsowa kusa da shi.

Likita ya yarda mu yi tafiya. Amma Yaya, gidan da yake nema, akwai wanda ya rage a cikinsa?

Rekiya

Kano

Rekiya,

Salamu alaikum. Babu kowa. An sayar da gonar tun muna yara. Kada ki faɗa masa. Ku taho nan, abin da ya rage na maganar yana bakina.

Saffana

Guangzhou

Yaya,

Ina gaisuwa. Jirginmu ranar Laraba ne. Da safen nan ina ba shi kunu, ya dube ni ya kira ni da sunan mahaifiyarku. Na amsa. Ya shanye duka.

Sai mun iso.
Rekiya