Firizar 'Yardada

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Rancen ƙaramin bankin nan ya fito. Mu biyar ne a ƙungiyar, duk matan Yakasai. Sharaɗinsu: in ɗaya ta kasa zubin sati, sauran su biya mata. Na sayi injin markaɗe. 'Yardada, ƙawata tun muna makarantar allo, ta sayi firiza za ta riƙa sayar da ƙanƙara. Ni na tsaya mata aka sa sunanta.

Laraba, 22 ga Mayu
Ciniki alhamdulillahi. Hannuna har raɗaɗin attaruhu yake.

Asabar, 8 ga Yuni
Taransifomar layin su 'Yardada ta ƙone tuntuni, ba wuta ba ƙanƙara. Mun biya mata har mun gaji, wannan satin kowa ta ce ba ta da shi.

Da hantsi Nazeer, mai karɓar zubin bankin, ya zo da wasu ƙarti biyu. Wai sun je ɗaukar firiza sun tarar ta ɓoye ta, don haka injina za su kwance tunda ni na tsaya mata. Mijina, Malam Isyaku, ya tare ƙofar zaure, ya ce, "Nan gidan matan aure ne, ku tsaya a waje mu yi magana." Ɗaya daga cikin ƙartin ya ɗaga sifanar da ke hannunsa ya rafka masa a ka.

Mijina a ƙasa, jini ya rufe masa ido, ya jiƙe farar rigarsa. Suka tsallake shi suka fita da injin.

Lahadi, 9 ga Yuni
An yi masa ɗinki. 'Yardada ko sannu ba ta aiko ba.

Talata, 11 ga Yuni
An tsegunta mana firizar tana gidan yayarta a Gwale. Na tattara sauran matan, muka ɗauki mai kura.

'Yardada tana ganinmu ta haye kan firizar ta rungume ta. "Larai, ki dubi Allah, da ita zan ci da marayuna. A kawo wuta kawai." Na ce ta sauka. Ta ƙi. Na fizge ɗankwalinta, na damƙi kitsonta na ja, ta gantsara min cizo a hannu. Akwai muciya a bakin murhu. Ban san lokacin da na ɗauka ba... a'a, na sani. Na yi ta zabga mata a baya, ta juyo na same ta a baki. Haƙorinta na gaba ya faɗo kan siminti. Ƙaramar 'yarta tana riƙe da zanina tana cewa Anti ki bari.

Muka ɗora firiza a kura. Ba wanda ya bi mu.

Alhamis, 13 ga Yuni
Sun karɓi firiza, sun dawo da injina. Mai unguwa ya kashe maganar, ya ce kar a kai ofishin 'yan sanda.

Malam ya kalli shatin haƙoran da ke hannuna ya ce, "Ni da aka fasa wa kai, ban aike ki ba." Ya ture kwanon tuwon. Ai 'Yardada ita ta ja. Ita ta ja wa kanta.

Juma'a, 5 ga Yuli
Nazeer ya ce ni ce shugabar ƙungiya yanzu, kuma za a ƙara min rance. Har da gaishe ni, Hajiya.

Ɗazu wata amarya, Ummi, ta zo neman gurbin da 'Yardada ta bari, wai kayan ƙamshi za ta fara sarowa. Yarinya mai ladabi, har ƙasa ta durƙusa. Tana ta bayanin cinikinta, ni ban ji rabi ba. 'Yan kunnenta nake kallo, na gwal ne. Na kuma lura ba ta da jiki, hannuwanta sirara.

Na ce ta kawo hotonta ranar Litinin.