Alƙiblar Masallacin Baba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma maganin shan sa kake yi, ba ɓoye shi a ƙarƙashin matashi ba.

Baba, ga abin da ya faru. Kai ka sa na buɗe wa ɗalibai ƙungiyar bincike, ka ce makarantar Islamiyya ba ta hadda kaɗai ba ce. To, wata 'yar ajin ƙarshe, 'yar telan nan na bakin ƙofar makaranta, ta zaɓi ta auna alƙiblar masallacinmu. Dariya ma na yi mata. Ta auna da kamfas, ta sake da waya, sannan ta jira ranar da rana ke tsayawa daidai saman Ka'aba, ta kafa sanda a filin makaranta ta bi inuwar. Duka ukun abu ɗaya suka nuna: masallacin da ka gina ya karkace dama da kusan digiri talatin.

Yaya ya ƙwace rahoton ya kulle a durowar ofishinsa. Ya ce muddin shi ne shugaban makarantar, 'yar shekara sha bakwai ba za ta ƙaryata mahaifinsa ba. Ya ba ta zuwa Alhamis ta sama: ko ta sa hannu cewa kuskure ta yi, ko ya kore ta, ga jarrabawar fita saura wata ɗaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, in na sa hannu ai ƙarya na yi."

Don Allah ka rubuto mana yadda ka auna tun farko. Wataƙila mu ne muka kauce.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na gode da gaisuwa. Allah ya yi muku albarka.

Yarinyar ba ta kauce ba. Lokacin da na gina masallacin ba ni da abin awo, katangar maƙwabcinmu na bi, don na ga can yake fuskanta in zai yi salla. Shekara goma sha tara da suka wuce wani mai awon filaye ya zo aiki, ya yi azahar tare da mu, na ga ya juya hagu shi kaɗai. Na tambaye shi, ya fito da na'urarsa ya nuna mini. Na ba shi ruwa, na raka shi ƙofa, ban gaya wa kowa ba.

Na ce in an yi hutu zan gyara. Hutu ya zo ya wuce. Iyaye suna kawo 'ya'yansu suna cewa ga malamin da ba ya kuskure, ni kuma maganar tana mini daɗi. Tun daga ranar, in na shiga gaba zan ja salla, nakan ɗan karkata hagu. Kuka ɗauka ciwon ƙafa ne, na bar ku a haka.

Ban taɓa faɗa wa ko mahaifiyarku ba. Ki gaishe da yayanki.

Mahaifinki

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ban san irin gaisuwar da zan yi maka yau ba.

A ɗakin malamai na karanta takardarka, sau uku, har aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba. Shekara goma sha tara kana gyara taka tsayuwar, mu ɗari huɗu a bayanka muna kallon wani wuri dabam? Ni har tausayinka nake ji in na hango ka a karkace, in ce ƙafar ta matsa maka. Umma a sahun mata na masallacin nan ta yi ta salla har ta rasu. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina fushi da kai.

Na kai wa Yaya takardar. Ya karanta a tsaye, sai gani na yi ya zauna a ƙasa, shi da ko ƙura ba ya so ta taɓa rigarsa. Sai ya ce, "Auta, kada kowa ya ga wannan. Yarinya ɗaya ce, shi kuma sunan Baba ne."

Jiya telan ya rufe shagonsa ya zo, ya durƙusa mini, wai in lallashi 'yarsa ta sa hannu a wuce wurin. Na kasa kallon idonsa. Takardarka tana jakata. In na karanta ta a gaban makaranta na tona maka asiri, in na yi shiru an kori mai gaskiya. Ka gaya mini wanne zan yi.

Allah ya ƙara lafiya.
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Kada ki karanta, ba aikinki ba ne. Ina tafe ranar Laraba. Ki gaya wa yayanki ya tara ɗalibai da iyayensu, zan faɗa da bakina. Ki ce wa yarinyar kada ta sa hannu, ita za ta ja mana sabon layin sahu.

Batun mahaifiyarki kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ita ba ta sani ba, babu komai a kanta. Ni na sani.

Wassalam,
Mahaifinki