Waƙar Dakan Kaka

Goggo Hauwa,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar taki, yaya su Baffa da yara? Mu nan unguwar Ammariyya lafiya lau.

Na samu aiki a wani sito na tashar jiragen ruwa. Maigidana Basine ne, amma kakarsa 'yar Japan ce da ta tsufa cikin Sinawa. Jiya na ji yana rera waƙar renon da take yi masa da harshen Japan, na tambayi ma'anarta. Ya ce, "Ban sani ba. Ta rasu ban tambaye ta ba."

Goggo, waƙar dakan da Kaka take yi a gidanmu na unguwar Balad, na ƙirga, baiti biyu kawai na riƙe. Ke kaɗai kika san sauran. Don Allah ki rera mini ta waya.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Ɗanki,
Sadiƙu