Zanen da Ba Ya Kwana

Litinin, 4 ga Mayu

Na sake kankare shi. Tun safe nake ɗora fenti a zanen fuskar Umma, la'asar na yi na ɗauki wuƙar fenti na kwashe komai na goge a tsumma. Goshin, hancin, wannan karkacewar bakin da take yi in za ta yi wa mutum shaƙiyanci, duk suna cikin tsumma yanzu, sun koma launin taɓo. Wuƙar da nake shafa fentin da ita, da ita nake kwashe shi.

Likitan ido ya ce hawan jinin ido ya gama da idon Umma na hagu. Na dama ma saura ƙiris, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Abu ɗaya ta roƙe ni, ta ga fuskarta da na zana kafin shi ma ya rufe. Ni kuma ga abin da nake yi.

Laraba, 6 ga Mayu

Yaya ne yake kawo ta kullum kafin ya wuce shagon ɗinkinsa. Yana zaunar da ita a kujerar roba ta bakin taga, ya gyara mata mayafi, ya ce min, "Auta, yau dai a bar mana ko kunne ɗaya ya kwana." Ba na ko kallonsa.

Tana zama shiru har ta fara gyangyaɗi. Yau da ta farka ta ce, "Ko dai fuskar tawa ce ba ta kamuwa? Babanku ma sai da ya sha wuya." Na yi dariya, wallahi na yi. Da suka tafi na kankare.

Asabar, 9 ga Mayu

Malam ne. Na sani shi ne.

A makarantar koyon zane, duk Juma'a mukan jera aikinmu a jikin bango, yana ɗanye, ya bi layi hannunsa a baya. In ya tsaya a gaban naka sai ya ɗaga babban yatsa ya danna a tsakiyar fentin, ya ja har ƙasa. "Share. Sake." Shi ke nan bayanin. Ya goge yatsan a rigarsa ya wuce na gaba. Muna alfahari da abin ma, mu marasa hankali, wai wanda ya fi shan yatsa shi ya fi samun kulawa.

An ce mutumin ya yi ritaya tuntuni, yana can yana kiwon kaji. A cikin kaina kuwa bai bar aiki ba. Rana na karkatawa yake shigowa, ya tsaya a bayana, har warin tabarsa nake ji.

Lahadi, 10 ga Mayu

Na fasa madubin ɗakin aiki da gwangwanin fenti. Ba wani dalili. Ya kalle ni ne kawai.

Talata, 12 ga Mayu

Yau ya yi kyau. Ba zan yi ƙarya ba, da azahar ya yi kyau. Idon dama ya fito da ɗan ruwan nan da ke kwanciya a gefensa. Na ja da baya na ji ƙirjina ya cika.

Sai na ci gaba da kallo. Matsalar ke nan, kallon. Kunci ya fara yi min kama da ɗanyen nama, wuya ya zama sanda. Na ji muryar. Na ɗauki wuƙa. Ban tsaya a kankara ba, na kife majinginin zanen da ƙafa, na taka tiyub ɗin jan fenti ya fashe ya fantsama har silin. Mai walda na shagon kusa ya leƙo ta taga ya ga ja ko'ina, ya yi salati da ƙarfi, yana tambaya wa aka yanka.

Na ce masa babu kowa. Ya ce, "To Allah ya sawwaƙe," ya janye kansa a hankali.

Juma'a, 15 ga Mayu

Na fasa wa Yaya kai.

Bari in rubuta shi yadda ya faru, kada gobe in gyara wa kaina. Ya zo ɗaukar Umma da wuri, ya kai ta mota, ya dawo. Ban ankara ba sai na ga ya cicciɓi zanen da hannu biyu ya nufi ƙofa. Wai zai ajiye shi a shagonsa ya kwana. Na ce ya sauke. Ya ce, "Wannan ba naki ba ne ke kaɗai, fuskar uwarmu ce." Na ce ya sauke ko in illata shi. Ya yi dariya. Dariyar ce.

Kwalbar kananzir da nake wanke burushi tana hannuna. Ban san lokacin da ta bar hannuna ba. A'a, na ce ba zan gyara ba. Na sani. Na auna ma.

Ta same shi a saman gira. Jini ya rufe masa ido, ya gangaro ta gemu, ya ɗiga a kan farar rigarsa. Bai saki zanen ba. A hankali ya jingina shi da bango, ya tabbatar ya zauna daidai, sannan ya dafe goshi ya durƙusa. Wannan ne ya fi ci mini rai.

A asibiti suka ɗinke shi. Yana kwance ana jan zare yana ce wa nas ɗin ɗinkinta ya karkace, in yaron shagonsa ne ya yi haka da ya warware. Umma aka ce mata ƙofar mota ce ta buge shi.

Na dawo ɗakin aiki na kankare zanen. Da jinin yayana a jikin firam ɗin.

Asabar, 16 ga Mayu

Na ƙi jinin kaina. Na ƙi jinin warin fenti. Ban ci komai ba.

Litinin, 18 ga Mayu

Na yi wa Yaya alkawari ba zan ƙara taɓa wuƙar fenti da yamma ba. Ya ce to. Da bandeji a goshi kamar ɗan dambe.

Alhamis, 21 ga Mayu

Ba na son rubuta wannan. Zan rubuta duk da haka.

Kwana uku na cika alkawari. Fuskar ta taru, fenti a kan fenti, mai kauri, har ta fara numfashi. Yau Yaya ya makara, la'asar ta yi Umma tana nan a kujerarta, ta sunkuyar da kai, na ɗauka barci take. Na tsaya ina kallon zanen. Share. Sake. Share. Sake. Na ce ai na yi alkawarin wuƙar fenti. Sai idona ya sauka a kan rezar da nake yanka ƙyallen zane.

Daga ƙasan ido har haɓa. Sau ɗaya. Ƙyallen a ɗaure yake tam, ya yi wata irin ƙara, ya buɗe baki.

Umma ta ɗago kai. Ba ta ganin inda nake tsaye, nesa ta yi mata yawa. Ta juyo da kunnenta wajena ta ce, "Auta, wannan ƙarar, fuskata ce?"

Na sauke rezar.

Ta ce, "Kullum ina jin kina goge ni, ina yin shiru. Yau kuma yanka ne." Ta laluba ta ɗauki sandarta. "Kuma ƙofar mota ba ta warin kananzir. Ido na rasa, ban rasa hanci ba."

Ta fita ta zauna a bencin mai walda har Yaya ya zo.

Lahadi, 24 ga Mayu

Ba ta zo ba. Ba ta ɗaga waya. Kujerar tana nan a bakin taga, na kasa matsar da ita, na kasa kallonta.

Laraba, 27 ga Mayu

Yaya ya kai ni wajen likitar ƙwaƙwalwa. Ban so ba. A mota na ce masa ni ba mahaukaciya ba ce, ya nuna min goshinsa.

Wata siririyar mata ce, ga tabarau, ga haƙurin da ke ba ni haushi. Ta bar ni na yi ta zuba. Na ba ta labarin Malam ina dariya, ita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni yaushe rabon da in bar wani aiki nawa ya bushe. Na buɗe baki in ba ta amsa, na lissafa baya, na rasa. Ɗakin aikina cike yake da firam, babu zane ko ɗaya.

Ta ce mai zane da mai yanke wa zane hukunci kada su riƙa zuwa aiki rana ɗaya. Na ce mata wannan maganar ta yi kama da abin da ake rubutawa a bayan mota. Ta ce ko ma a ina aka rubuta, in gwada. Ta ba ni magani, ta ce in dawo mako mai zuwa, kuma in riƙa cin abinci kamar mutum.

Na so in ɗauki tukunyar furen da ke teburinta in maka a bango. Ban ɗauka ba. Ta ga ina kallonta, ta ɗan matsar da ita.

Juma'a, 29 ga Mayu

Yaya ya zo da babbar allura da zare mai ƙarfi. Ya kife zanen a cinyarsa, ya haɗa bakin yankan ta baya, ɗinki ƙanana a jere, ya manna ƙyalle a kai. Na ce ba zai ɓoyu ba. Ya ce, "Wa ya ce miki ɓoyewa nake? Rufe ciwo nake kada ya ƙara buɗewa."

Ga dokar da suka kafa min shi da likita. La'asar na yi zai zo. Za a juya zanen ya kalli bango. Wuƙa da reza su shiga aljihunsa, makullin ɗakin ma haka. Ni da ɗakina, sai an buɗe min da safe kamar akuya.

Na zage shi. Ya ce in ƙara, ya saba.

Litinin, 1 ga Yuni

Ina aiki daga ka, tunda ba ta zuwa. Ashe na haddace ta.

La'asar ta yi, Malam ya shigo. Yaya bai iso ba tukuna. Na danna wuƙar a cikin katakon tebur har ta lanƙwashe, na fita waje na tsaya ina kallon mai walda yana tartsatsi, ina cizon hannun rigata. Da Yaya ya zo na miƙa masa ita a lanƙwashe. Ya duba, ya sa a aljihu, ya ce gobe zai miƙar.

Zanen ya kwana.

Alhamis, 4 ga Yuni

Maganin yana sa ni hamma. Haushin yana nan, sai dai kamar an ɗaure shi da igiya, yana ta fizga.

Asabar, 6 ga Yuni

Idon dama ya rufe.

Da safe ta tashi ta tambayi matar Yaya me ya sa ba a buɗe labule ba. A buɗe yake.

Na je gidan. Na durƙusa a gabanta. Wata guda tana zaune a gabana da sauran ganinta a hannu tana miƙo min, ni kuma ina gogewa a tsumma. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba, har da majina. Na ce ta yafe min. Na ce na gama shi jiya, jiya-jiyan nan, na makara da kwana ɗaya kacal.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "To kin gama jiƙa min zani? Wannan fentin naki mai kauri da kike laftawa, in ya bushe ba ya tauri?"

Na ce yana yi.

"To ki bar shi ya bushe. Ina da yatsu."

Talata, 9 ga Yuni

Fenti mai kauri haka sai ya yi makonni. Makonni yana jingine yana kallon bango, ni ina kallon bayansa, ina kallon ɗinkin Yaya. Na san kunnen hagu bai yi daidai ba. Na san shi kamar yadda na san sunana. Yau na kai hannu zan juyo shi, sai na ɗauki tsohon firam na karya shi a gwiwata, na ƙara da wani. Gwiwar ta kumbura. Zanen ban taɓa ba.

Na gaya wa likita. Ta ce firam nawa suka rage. Na ce da yawa. Ta ce to madalla.

Laraba, 17 ga Yuni

Na shimfiɗa sabon ƙyalle don hannuna ya samu abin yi. Mai walda nake zanawa, ta taga, bai sani ba. Ba wani abin kirki ba ne.

Asabar, 27 ga Yuni

Ya bushe. Yaya ya kawo ta, ya zaunar da ita a kujerar roba, muka ɗora mata shi a cinya.

Ta fara daga goshi. A hankali, da yatsu biyu, tana bin kowane tudu da wuƙa ta bari. Ta sauko hanci ta ce na ƙara mata tsawo, ta gode. Ta taɓa bakin ta yi dariya, bakinta ya karkace daidai yadda yake a ƙarƙashin yatsanta. Kunnen hagu ta wuce shi ba ta ce komai ba.

Sai ta zo kunci. Na ga yatsan ya tsaya. Ya bi layin daga ƙasan ido har haɓa, ya dawo, ya sake bi.

Ta ce, "Wannan ɗinkin ɗana ne." Ta ɗan danna. "Yankan kuma na 'yata." Ta shimfiɗa tafin hannunta gaba ɗaya a kan wurin ta bar shi a nan. "Duk ku biyun kuna ciki. Kada wanda ya ƙara taɓa min fuska."

Ta sa babban yatsanta a tsakiyar goshin zanen ta danna, wai tana gwada ko ya bushe da gaske. Ta ɗaga yatsan. Babu abin da ya biyo shi.

Sun tafi da shi, a cinyarta, ta ƙi yarda a sa a bayan mota.

Ba wai na warke ba. Kunnen har yanzu bai yi daidai ba, kuma Malam ya leƙo da la'asar kamar kullum. Sai da na zo kulle ɗaki na lura Yaya ya manta bai karɓi makullin ba, bai karɓi wuƙar ba, tana kan tebur tun safe, kusa da zanen mai walda da ke jingine yana ɗanye. Na wanke ta na sa a gwangwani. Gobe zan gyara masa kafaɗa, in Allah ya kai mu.